Alluran Dardumar Masallacinmu

A shekarun da ake sauke mutum daga acaɓa ya tura ta da hannu kafin ya wuce shingen sojoji, ina da ɗan haya guda a ɗakunan baya na gidana da ke unguwar Hammadu Kafi a Gombe. Mutumin Borno ne, malamin fiziks a wata makaranta ta can. Ya taso da matarsa da 'ya'ya uku bayan an ƙone layin da suke zaune, wani tsohon abokin aikina ya turo shi wurina. Kafin in ba shi makulli sai da na kai shi gaban Jauro, wato mai unguwarmu, na ce na tsaya masa, domin a lokacin ba a ba mutumin Borno ɗaki sai wani ya ɗauki nauyinsa a gaban shaidu. Jauro ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Baba Dakta, in wani abu ya taso, ƙofarka za a fara bugawa." Na ce na ji. Sannan ya juya wajen baƙon ya ce, "Kai kuma Babarbare, tunda Allah ya kawo mini bawana har gida, damina na zuwa ka shirya fartanya." Baƙon ya yi dariya ya ce bai taɓa jin inda Bafulatani ya mallaki gona ba, balle bawa. Fulani da Barebari abokan wasa ne. Da na ji an fara wannan zolayar, na san an karɓe shi.

Malam nake kiransa, shi kuma yana ce mini Baba. Ban san irin sa'ar da na yi ba sai da ya kwana biyu. Na yi karatu a Rasha, na yi wasu shekaru a wani ɗakin gwaji a Faransa inda aikina shi ne sanyaya abu har ya kusa kai ƙarshen sanyi, na koyar a Khartum, na dawo gida. Tun dawowata ban sami wanda zan yi hirar maganaɗisu da shi ba. Uwargidana Hajiya takan saurare ni in tana gyaran wake, amma da waken ya ƙare hirar ta ƙare. Sai ga mutum a bayan gidana yana rubuta digirinsa na uku a kan abin da na tsufa ina sha'awa.

Abin da yake nazari ba shi da wuyar faɗi in ba a cika shi da lissafi ba. Akwai wasu duwatsu da ake haɗawa a ɗakin gwaji, falle-falle suke kamar tabarmin da aka jibga ɗaya kan ɗaya. Kowace ƙwayar zarra a cikinsu tana da ɗan maganaɗisunta, kamar ƙaramar allura. A maganaɗisun da yara ke wasa da shi, alluran duk waje ɗaya suke duba, shi ya sa yake kama ƙusa. A waɗannan kuwa kowace allura saɓa wa maƙwabciyarta take yi: wannan ta dubi nan, ta kusa da ita ta dubi can. Daga waje dutsen ba ya kama komai, amma ciki a tsare yake tsaf. In aka taɓa allura ɗaya ba ita kaɗai ke motsi ba, motsin yakan bi layi ya ratsa sauran, yadda iska ke bi ta kan gonar gero. Wannan kaɗawar ake aunawa. In kuma aka canja matsin da ke tsakanin fallayen, akwai gaɓar da tsarin ke gab da rushewa. Ba zafi ke rushe shi ba, domin ana yin gwajin ne cikin sanyin da babu irinsa a duniyar nan. Ita ƙwayar zarrar ce ba ta iya tsayawa cik ko da an raba ta da zafi gaba ɗaya. A bakin wannan gaɓa kaɗawar takan yi jinkiri, ta yi nisa, kuma wata iri ta biyu takan fito fili, inda ƙarfin alluran kansa ke raguwa yana ƙaruwa tare, kamar numfashi. A kan wannan numfashin Malam yake lissafinsa.

Ya sami ɗan aikin koyarwa a wata makaranta a unguwar Nasarawo, ya dawo wata rana yana cewa ya gaji da zana kibiyoyi a allo yara na kallonsa kamar yana karanta musu Barbarci. Yana so su gani da ido. Muna zaune a barandata, sai idonsa ya sauka kan dardumata, irin wadda alhazai ke rabawa tsaraba, mai ɗan kamfas a liƙe wajen goshi.

"Baba, kana amfani da wannan?"

"Malam, an haife ni a garin nan. In na rasa gabas a Gombe ai sai a kai ni asibiti."

Na ɓamɓare na miƙa masa. Kafin magariba ya kwashe na dardumomin gidan duka, Hajiya na cewa daga kicin a bar mata tata, ita ce ta ɗauko ta da kanta daga Makka. Na gida ba su kai ko'ina ba. Yana bukatar fiye da ɗari, kuma iri ɗaya. Sai ya je wurin wani Alhaji Bakano da ke layinmu, mai shagon darduma da carbi a kasuwa, ya riƙa saye kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata. Ya cire murfin kowane kamfas, ya goga wa allurar maganaɗisun tsohuwar lasifika don ta ƙara ƙarfi. Wasu a garin gogawa suka juye, jan bakin da ya kamata ya dubi arewa ya koma duban kudu. Bai damu ba, sai ya ɗiga wa kowace allura farin fenti a bakin da ke duban arewa na gaskiya, yana bin farin ya rabu da jan. Ya jera su kusa da juna a kan gilasan taga guda uku, ya ɗora gilasan hawa-hawa da guntayen kwali a tsakani. Ya nannaɗe waya a jikin katako ya kewaye su, ya haɗa da batirin acaɓa, domin ya kashe jan da ƙasa ke yi wa alluran su saurari juna kawai.

Dardumomin da ya cire wa kamfas suka taru a ɗakinsa. Mutum ne da aka yi wa alheri yana neman hanyar ramawa. Ya ɗaure su ya kai masallacin unguwa sadaka, kowace da zagayayyen tabon gam a daidai inda ido ke sauka in an yi ruku'u.

Na zauna a wurare da dama, kuma kowane gari da yadda zargi ke shigowa cikinsa. A Mosko maƙwabci yakan daina magana in ka shigo kicin ɗin da kuke tarayya, daga baya ka ji an kira ka wani ofis. A Faransa takarda za ka tarar a ƙarƙashin ƙofa, cikin ladabi mai sanyi. Mutumin Khartum zai ba ka shayi, ya cika shi da sukari, ya tambaye ka kai tsaye. A Gombe gaisuwa ce ke ƙara tsawo. Wanda da yake ɗaga mini hannu daga kan keke sai ya sauka ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ƙafata, ya tambayi baƙi, ya sake tambayar baƙi. Ni kuwa ina ta jin daɗi, ina cewa tsufa ya fara jawo mini girma. Abin da ya kamata in lura da shi ban lura ba: Jauro ya daina ce wa Malam bawansa. In sun haɗu sai ya ce, "Malam, barka da rana," kamar yana gaida ma'aikacin haraji.

Hajiya ce ta farkar da ni, ina shan kunu da safe.

"An yi suna a gidan tela jiya. Ba a gayyaci matar Malam ba."

"Mantuwa ce."

"Yaruka shida a bakinka, amma ba ka jin Hausa. Cewa ake Babarbarenka ya sayi agogo ɗari, ya sayi waya, ya sayi batir, yana rufe ƙofa yana haɗa abu. Kuma yana raba darduma kyauta don ya sayi zukatan mutane."

"Wane agogo? Kamfas ne. Ke ma da naki a ciki."

"Ni na sani. Je ka gaya wa matar da ɗanta yake tasha ranar da abin nan ya tashi."

Haushi ya kama ni. Na tambaye ta wa ya fara zancen. Ta ce Alhaji mai darduma. Wato mutumin da ya yi wata da watanni yana sayar masa, yana yi masa ragi, yana ajiye masa sabon kaya in sun iso. Sai da kayan suka ƙare a shago tsoro ya kama shi.

Jauro ya zo bayan la'asar. Muka yi gaisuwa da Fulatanci, muka sake ta da Hausa, ya yaba inuwar dalbejiyata, ya tambayi ƙanena da ya rasu tuntuni sannan ya tuna ya yi masa addu'a. Da ƙyar ya iso inda za shi. Mutane, in ji shi, suna ganin da Malam ya nemi wani wuri da hankali ya fi kwanciya. Shi bai ga laifin kowa ba. Amma lambar jami'an tsaro da ake faɗa a rediyo tana cikin wayar kowa, kuma ba shi da ikon riƙe yatsan kowa.

Na san ma'anar wannan. A shekarun nan in mota ta zo ta ɗauki mutumin Borno saboda an ga waya da batir a ɗakinsa, ba a tambayarsa wane digiri yake yi. Wasu sun dawo bayan an gama yi musu zaman makoki. Wasu iyalansu har yanzu suna jira. In kuma na ba shi notis, babu mai gida a Gombe da zai karɓi Babarbaren da aka kora daga Hammadu Kafi ba tare da an faɗi dalili ba.

Na ce, "Jauro, kun ga abin?"

"Ai ba a shiga ɗakin mutum."

"Ana korarsa dai."

Na ce su zo da safe, shi da liman da Alhaji da duk wanda yake so, a fito da abin baranda kowa ya gani. Ya ce zai gwada.

Malam na jin labarin ya miƙe ya ɗauko taɓarya. "Baba, a fasa shi kawai. A zuba a masai."

"In ka fasa, ka tabbatar musu. Za su ce ya ɓoye."

"In na nuna kuma?"

"Za su gane. Mutane ne."

Ya dube ni yadda ake duban tsohon da ya daɗe a waje. Ya ajiye taɓaryar, ba don ya yarda ba, sai don gidan nawa ne.

Da hantsi suka zo. Jauro, da limaminmu da muke kira Modibbo, da Alhaji, da wasu magidanta da suka tsaya a bakin ƙofar gida inda gudu zai yi sauƙi. Mun ɗora abin a kan teburin cin abinci a baranda. Alhaji ne ya fara matsowa, don a ga ba ya tsoro. Yana sunkuyawa, alluran da ke gefensa suka juyo gaba ɗaya suka nuna aljihun rigarsa. Ya ja da baya har ya taka ƙafar Modibbo.

"Ya san ni," in ji shi.

"Wayoyinka ya sani," na ce. "Guda nawa ne a aljihun?"

Uku ne. Hajiya ta miƙo faranti daga bayan labule aka tara wayoyin kowa aka kai nesa. Malam ya ɗauki bakin waya zai haɗa da batir, sai na ji takalma suna ja a ƙofar gida. Jauro bai motsa ba, na yaba masa a nan, ko da yake leɓensa na motsi da addu'a. Malam ya haɗa. Babu abin da ya tashi. Alluran suka yi ɗan rawa, suka saki arewa, suka shirya kansu layi-layi: wannan layin fararen ɗigo na duban hagu, na kusa da shi na duban dama, haka har ƙarshen gilashi, haka a hawa na biyu da na uku.

Malam dai malami ne, da ya fara bayani sai ya manta da wa yake magana. Ya taɓa allura ɗaya da ƙusa, kaɗawa ta ruga ta mutu nan kusa. Ya zare kwali ɗaya daga kowace kusurwa, gilasan suka matso juna, ya sake taɓawa. Ya zare wani. A karo na gaba da ya kawo ƙusar, motsin ya tashi a hankali, ya bi layin farko, ya tsallaka na biyu, ya sauka hawan ƙasa, ya hau na sama, har allurar da ke can ƙarshen kusurwa ta sunkuya ta ɗago, kuma duka suka daɗe suna lilo kafin su yanke shawarar komawa inda suke. Na yi shekaru ina zuba wa injin sanyi wata iska mai tsada da aka mayar ruwa domin wasu su auna wannan abu, kuma ban taɓa ganinsa ba sai a matsayin tudu a jikin zanen takarda. Ga shi a barandata, a kan gilashin taga. Na ji magidantan nan sun baro ƙofa sun matso.

"Sake yi," in ji Jauro.

Malam ya sake. Jauro ya ce shi dai bai ga abin da zai fashe a nan ba, sai ko gilashi in yara sun yi ƙwallo. Aka yi dariya. Na fara tunanin shayin da za a kawo.

Sai Alhaji ya gyara murya. "To, ba bam ba ne, mun gode Allah. Amma ni tambaya gare ni. Wannan abu an yi shi ne ya nuna alƙibla. Me ya sa ya sa rabinsu suka juya wa alƙibla baya?"

Na ga magidantan suna sake leƙa gilashin da wani ido daban.

Na ce, "Alhaji, allurar kamfas ba ta nuna alƙibla. Arewa take nunawa. Lambobin da ke kewaye da ita su ake bi a gano alƙibla, kowane gari da lambarsa."

"Baba Dakta, da girmanka. Tun kafin a haifi wannan nake sayar da su. Daga Makka ake kawo su."

"Daga Sin ake kai su Makka."

"Ko daga ina ne, Ka'aba suke nema."

"Na yi salla a Mosko ina duban kudu. Na yi a Faransa ina duban tsakanin gabas da kudu. A duk wuraren nan allurar arewa ta nuna, ba ta taɓa bin goshina ba. Ɗauki ɗaya ka fita tsakar gida ka gani. Ka san gabas, ka san arewa."

"Ai wannan ya riga ya lalata su. Kuma kai, Baba, ka daɗe a ƙasar da ba sa salla, ba mamaki can allurar ta rikice."

Wani daga baya ya ce dama haka waɗancan mutanen suka fara, da cewa kowa bai iya addini ba sai su. Wani ya ce a darduma dai ake sujada, wanda ya cire mata ido ya san abin da yake nufi. Cikin ɗan lokaci mun tashi daga bam mun koma sabuwar aƙida, kuma a shekarun nan duk mota ɗaya ce ke zuwa ɗaukar mai wannan da mai wancan. Na yi gardama da Rashawa a kan Allah, na yi da Faransawa a kan mulkin mallaka, ban taɓa jin harshena ya zama banza kamar ranar da na kasa fahimtar da maƙwabtana inda arewa take ba.

Sai Modibbo ya matso kusa da ni. Ya kama hannun rigata ya ja ni gindin dalbejiya, ya yi mini magana da Fulatanci a hankali.

"Na san arewa take nunawa. Da taurari aka koya mini fitar da alƙibla."

"To ka faɗa musu mana."

"Zan faɗa, a karatun bayan magariba, in ƙura ta lafa. Yau in na faɗa, za a ce liman ya bi bayan Dakta. Su waɗannan da ke nan ba su ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne wanda za a ba labari a shagon aski, wanda bai ga gilashin ba." Ya saki rigata. "Munyal," in ji shi, wato haƙuri, kalmar da Fulani ke miƙa wa mutum in ba su da abin ba shi.

Shi ya kawo maslaha, Jauro ya yanke. Kowane kamfas a mai da shi jikin dardumarsa, a liƙe, a mai da dardumomin masallaci kowa ya gani. In an yi haka magana ta mutu, Malam ya zauna, duk wanda ya sake tayar da ita da Jauro yake yi.

Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai abu ɗaya. Fararen ɗigon nan—"

"Yawwa, har su," in ji Alhaji. "A goge. Ba mu san alamar mene ne ba."

"Yadda suke da," in ji Jauro. "Kada a ƙara, kada a rage."

Na buɗe baki in ce in aka goge ɗigon, wasu alluran ƙarya za su riƙa yi. Malam ya riga ni. Ya durƙusa ya ce, "To, ranka ya daɗe. Na gode."

Da suka watse na rufe shi da faɗa. Na ce wata nawa ya yi yana wannan aiki, ɗalibansa ko sau ɗaya ba su gani ba. Na ce gaskiya na hannunsa ya sake ta saboda mai shagon da bai san arewa ba. Na kawo masa labarin wani malamina a Rasha da ya ƙi janye maganarsa. Ya bar ni na gama, yana kwance waya daga jikin katako yana naɗe ta a hannu.

"Baba, shi malamin naka 'ya'yansa nawa?"

Ban sani ba.

"Babbar 'yata jarrabawa za ta zana bana. Makaranta ta uku ke nan da ta shiga." Ya ajiye wayar. "A layinmu na can, Baba, ba wanda ya zo ya duba. Waɗannan sun zo, har sun ce in sake yi."

Na ce wannan ba hujja ba ce. Ya yarda ba hujja ba ce. Sannan ya ce dama abin bai cika ba, domin allurar kamfas juyawa kawai ta iya, ba ta iya raguwa ta ƙaru, saboda haka numfashin da yake nema ba zai taɓa fitowa a gilashin taga ba. Yana cikin lissafi, kuma lissafi ba ya bukatar batir. Na san yana faɗa ne don ya lallashe ni. Abin da ya ƙara mini haushi shi ne maganar tasa daidai ce.

Hajiya da matar Malam suka zauna a tsakar gida da kananzir da tsumma suna goge fenti, shi yana mai da murafe yana liƙawa da gam. Ni na ƙi sa hannu. Na zauna a baranda ina karanta jarida da ƙarfi. Hajiya ta nemi nata kamfas ɗin na Makka a cikin tulin, ta ɗauki ɗaya ta ce shi ne, ba wanda ya yi mata musu. Gilasan suka koma tagar ɗakin Malam inda aka ciro su.

Ba a daɗe ba aka yi wani suna a layin, matar Malam ta dawo da ƙullin cincin. Wata safiya ina ƙofar gida Malam ya fito zai tari keken haya mai ƙafa uku, sai ga Jauro daga tsallaken titi yana cewa, "Kai bawana, damina ta wuce ban ga fartanyarka ba." Malam ya ce yana jira ne Jauro ya fara gano inda gonar take. Na koma ciki na gaya wa Hajiya ta bar ajiye jakar da ta haɗa musu a bayan ƙofa ko da za a zo da mota. Yarinyar ta zana jarrabawarta a Nasarawo. Sun zauna da mu har hanya ta yi kyau suka koma Borno da kansu, da rana, ana ɗaga musu hannu.

Modibbo ya cika alkawari, ya yi bayanin arewa da alƙibla a karatun bayan magariba. Alhaji bai zo ba ran nan.

Dardumomin na nan a masallaci, sun koɗe. Wata azahar na sunkuya ruku'u, idona ya faɗa kan kamfas ɗin da ke gabana, jan bakinsa na duban kudu sak, wajen hanyar Yola. Na saci kallon na kusa da ni, wanda Alhaji ke kai, domin a sahun gaba yake tsayawa kullum. Shi ma kudu. Alhaji na fuskantar bangon gabas kamar kowa, kamar yadda ya yi duk rayuwarsa ba tare da ya dubi allura ba. Bayan sallama ya ba ni hannu ya tambayi ƙafata, sau ɗaya.

Na dawo gida na ba Hajiya labari, ina tsammanin za ta taya ni jin haushi.

"Ka gaya masa?"

"Ban gaya masa ba."

"To ka fara jin Hausa," in ji ta, ta ci gaba da gyaran wakenta.

Ni dai har yau in na tuna yadda kaɗawar nan ta sauka hawan ƙasa ta hau na sama, da cewa yaran Nasarawo ba su gan ta ba, sai in ji kunun ya fita raina.